Bayan an Sallami Majinyaci: Yadda Sefsis Ke Raunana Garkuwar Jiki

 Shirin na yau zai duba halin da jikin mutum ke shiga bayan ya tsallake wata matsananciyar rashin lafiya da likitoci ke kira sefsis, da dalilin da ya sa irin wannan mutum, ko da an sallame shi daga asibiti yana tafiya da ƙafarsa, yake zama cikin haɗarin kamuwa da wata sabuwar cuta har tsawon makonni ko watanni. Za a fara da bayanin sefsis kansa, sai a shiga cikin jiki a ga ɓarnar da yake bari, daga nan a waiwayi binciken da aka yi a nan Zariya, kafin a zo ga abin da ya rataya a wuyan masu jinya a gida.

Kashi na farko: mene ne sefsis?

Sefsis yanayi ne da ke aukuwa idan ƙwayar cuta ta kama wani sashe na jiki, garkuwar jiki ta tashi yaƙi da ita, amma yaƙin ya wuce kima har ya koma yana lalata sassan jikin da ake son karewa, wato ƙoda da huhu da hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce ma'anar da masana suka daidaita a kanta a 2016, kuma ita ce kusan abin da jama'a ke nufi idan suka ce ciwo ya shiga jini. Mafarinsa yakan kasance ciwon da kowa ya sani: nimoniya, wato ciwon huhu, ko sanƙarau, ko taifot da ya huda hanji, ko ciwon mafitsara, ko gyambon ƙafar mai ciwon suga, ko cibiyar jariri da ta ruɓe, ko mahaifar mai jego da ƙwayoyin cuta suka shiga bayan doguwar naƙuda. Maleriya mai tsanani da ƙyanda ma suna iya kai mutum ga wannan hali.

Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an samu sefsis kusan sau miliyan 49 a duniya, mutum miliyan 11 kuma suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a wannan shekara. Kimanin miliyan 20 daga cikin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nauyin ya fi faɗawa kan ƙasashen Afirka kudu da Sahara. A shekarar 2017 ɗin ne babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su ɗauki sefsis da muhimmanci, ana kuma tunawa da sefsis duk ranar 13 ga Satumba. Sai dai waɗannan alƙaluma suna nuna wani abu da ba a cika magana a kansa ba: mafi yawan waɗanda suka kamu suna rayuwa, su koma gida. Su ne batun wannan shiri.

Kashi na biyu, masu sauraro, shi ne abin da ke faruwa a cikin jiki, kuma a nan ne za a ɗan daɗe.

Garkuwar jiki runduna ce ta fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙerawa a ɓargo, suke zagayawa cikin jini, suke kuma taruwa a saifa da cikin 'yan ƙulle-ƙullen nan da kan kumbura a matsematsi ko hammata a ce mutum ya yi kaluluwa. Wasu daga cikinsu, da ake kira nutrofil da monosayit, su ne ke fara isa wurin da cuta ta shiga su haɗiye ƙwayoyinta. Wasu kuma, da ake kira limfosayit, su ne masu hadda: su ke gane ƙwayar cuta da kamanninta, su ƙera mata sinadarin kariya na musamman da ake kira antibodi, su kuma riƙe ta a ka shekara da shekaru, wanda shi ne dalilin da ya sa allurar riga-kafi ke aiki. Waɗannan ƙwayoyi suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da ake kira saitokin, wasu na cewa a tashi, wasu na cewa a tsagaita.

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka cewa matsalar sefsis guda ɗaya ce, wato wutar yaƙin da ta yi yawa, saboda haka aka gwada magunguna masu ɗimbin yawa na dakushe saitokin, mafi yawansu kuma ba su rage mutuwa ba. A 1996 wani likita Ba'amurke, Roger Bone, ya ja hankali ga ɗaya ɓangaren, cewa jiki da kansa yana taka wa garkuwarsa burki don kada ta hallaka shi, kuma wannan burki yana iya zarcewa ya wuce lokacin da ake bukatarsa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wutar da burkin suna farawa kusan tare, sai dai wutar takan lafa cikin kwanaki, burkin kuwa yakan daɗe. Misalin abin kamar birni ne mai ganuwa da aka kai wa hari, dakarunsa suka kori mahara, aka buga tamburan nasara, alhali kuwa da yawa daga cikinsu sun faɗi a fagen fama, waɗanda suka rage sun jigata, masu gadin ƙofa kuma barci ya kwashe su. Duk wanda ya zo bayan haka, ko da ɗan fashi ne mai sanda, zai iya shiga.

Ɓarna ta farko ita ce mutuwar ƙwayoyin limfosayit. Richard Hotchkiss da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis na Amurka sun nuna tun 1999 cewa a lokacin sefsis waɗannan ƙwayoyi suna kashe kansu da yawan gaske, ta wata hanya da jiki ya tanada tun asali don kawar da ƙwayoyin da suka gama aiki. Idan masu hadda suka ragu, wani ɓangare na abin da jiki ya sani game da cututtukan da ya taɓa haɗuwa da su yakan raunana, kuma cike gurbinsu na ɗaukar lokaci, musamman ga dattijai, domin masana'antar da ke horar da sababbin ƙwayoyi tana ƙanƙancewa da shekaru.

Ɓarna ta biyu ita ce gajiyar waɗanda suka tsira. A 2011 wannan rukuni na masana ya buga sakamakon binciken saifa da huhun mutum 40 da suka rasu da sefsis a sashen kulawa ta musamman, inda aka tarar cewa ƙwayoyin saifarsu, idan aka tsokane su a ɗakin gwaji, saitokin ɗin da suke fitarwa galibi bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ƙwayoyin waɗanda ba su yi sefsis ba suke fitarwa ba. Ƙwayoyin suna nan, ana iya ƙirga su, amma ba sa amsa kira. Su ma monosayit sukan rasa wata alama da ke bayansu, wadda da ita suke ɗaga gutsuren ƙwayar cuta su nuna wa limfosayit, kuma idan babu mai nunawa, mai hadda ba ya sanin wanda zai kama. Ɓargo kuwa, saboda gaggawar cike gurbi, yakan turo ƙwayoyin da ba su nuna ba, waɗanda wasunsu ma ƙara danne garkuwar suke yi.

Ɓarna ta uku ba a cikin jini take ba. Hanjin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke cike wuri su hana miyagu zama, kuma magungunan antibayotik masu ƙarfi da aka ceci ran majinyaci da su, tilas, sukan share da yawa daga cikinsu. Ƙari a kan haka, kwanciya ta zaftare naman jiki, ƙarfin tari ya ragu, haɗiya ta yi rauni har abinci ko ruwa na iya sarƙewa ya gangara huhu, ga kuma kafofin da allurar ƙarin ruwa da robar fitsari suka bari.

Alamar wannan rauni da ido ke iya gani ita ce farkawar cututtukan da suka daɗe kwance. Akwai ƙwayoyin bairus da ke zama a jikin mutum tun yarinta, garkuwa ta tsare su ba ta kashe su ba, kuma ƙurajen da kan fito a gefen leɓe bayan zazzaɓi aikin ɗaya daga cikinsu ne. Wani bincike na 2014 a kan masu sefsis 560 ya tarar da irin waɗannan ƙwayoyi iri biyu ko fiye sun farka a jikin kusan kashi 43 cikin 100 nasu. A ƙasa irin Nijeriya akwai wata mai kwanciyar da ta fi waɗannan haɗari, wato ƙwayar tarin fuka, wadda mutane da yawa ke ɗauke da ita ba su sani ba, take kuma samun dama duk lokacin da garkuwa ta yi sanyi.

Kashi na uku ya dawo da shirin gida, domin Zariya tana da hannu a wannan ilimi.

A shekarun 1970, lokacin da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake Tudun Wada, kafin a koma Shika, wasu likitoci sun yi nazari a kan yaran wannan yanki wanda har yau ana ambatonsa a littattafan likitanci. Brian Greenwood, wanda ya yi shekara goma a Zariya kafin ya koma Gambiya a 1980, shi da abokan aikinsa sun buga a mujallar Lancet a 1972 cewa yaran da ke fama da maleriya ba sa ƙera antibodi yadda ya kamata idan aka yi musu wasu alluran riga-kafi, ciki har da ta tetanus. A 1978 shi da wani abokin aikinsa, Williamson, suka ƙara gaba, suka yi wa yara masu maleriya allurar taifot da ta sanƙarau a lokuta daban-daban bayan fara ciwon. Amsar jiki ga allurar taifot ta farfaɗo da wuri bayan magani, amma amsarsa ga ta sanƙarau tana nan da rauni wata guda cur bayan zazzaɓin. Yaro ya warke, yana wasa a tsakar gida, garkuwarsa kuwa ba ta gama dawowa ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a garin da annobar sanƙarau ta auka wa a 1977.

A wannan zamani ne kuma Hilton Whittle da abokansa suka bi diddigin ƙyanda a Zariya, suka nuna yadda take rage ƙwayoyin limfosayit, da yadda take daɗewa a jikin yaro mai tamowa, suka kuma bayyana munanan gyambunan baki da na ido da ƙwayar bairus ɗin nan mai kwanciya ke haddasawa bayan ƙyanda. Iyaye mata na cikin birni sun daɗe da sanin cewa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi ta fama da gudawa da tari watanni, wani ma a rasa shi bayan an ɗauka ya tsira. Sai a 2019 aka auna girman asarar, lokacin da bincike a kan yara 77 a ƙasar Holan da ba a yi musu riga-kafi ba ya nuna ƙyanda ta shafe tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da suke da su kafin ciwon. Hanyar da maleriya da ƙyanda da sefsis na bakteriya ke bi wajen raunana garkuwa ba iri ɗaya ba ce, amma inda suke kai majinyaci ɗaya ne: ciwo ya wuce, rauni ya saura.

Kashi na huɗu: me alƙaluma suka nuna game da bayan sallama?

Wani nazari da Hallie Prescott da Derek Angus suka buga a 2018, wanda ya dogara galibi kan manya a ƙasashe masu arziki, ya nuna cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka tsira daga sefsis ana sake kwantar da su a asibiti cikin kwana 90, kuma sabuwar cuta ko dawowar tsohuwa ita ce kan gaba a dalilai. Abin da ya fi kusa da halin da ake ciki a nan shi ne binciken yara. A Yuganda an bi yara fiye da 6,000 da aka kwantar bisa zaton sefsis, aka tarar fiye da 5 cikin kowane 100 sun rasu cikin wata shida bayan sallama, da yawansu a gida. Wani binciken da aka buga a 2022, wanda ya haɗa ƙananan yara fiye da 3,000 a Kenya da Yuganda da Malawi da Burkina Faso da Bangaladesh da Pakistan, ya tarar cewa kusan rabin waɗanda suka rasu sun rasu ne bayan an sallame su, kuma masu tamowa ne suka fi shiga haɗari. A sake saurara: kusan rabi, bayan an sallame su.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba raunin garkuwa kaɗai ke kawo wannan ba, kuma masana suna muhawara a kan girman rabonsa. Wani bincike na 2016 a Holan ya tarar cewa sababbin cututtukan da masu sefsis suka ɗauka a sashen kulawa ta musamman ba su ƙara yawan mutuwa sosai kamar yadda aka zata ba. Da yawa daga masu kamuwa da sefsis dama can suna da abin da ya raunana su: tsufa, ciwon suga, sikila, cutar ƙanjamau, yunwa. Yaron da aka sallama kuma yana komawa ne ga ruwan da ya sha ya kamu, da kwatar da sauro ke haihuwa a ciki, da aljihun mahaifin da jinyar farko ta riga ta ƙwanƙwame. Amma ga mai jinya wannan muhawara ba ta sauya komai, domin ko ta wace hanya haɗarin ya zo, lokacinsa ɗaya ne, wato makonnin farko bayan komawa gida.

An gwada magungunan da za su tayar da garkuwar da ta kwanta, wasu daga cikinsu sun ƙara yawan limfosayit a ƙananan gwaje-gwaje, amma har yanzu babu wanda ya zama maganin da ake bai wa kowane mai sefsis. Saboda haka duk mai lasifika a bakin kasuwa da ke tallar ruwan kwalba da sunan ƙara ƙarfin garkuwar jiki yana sayar da abin da manyan ɗakunan binciken duniya ba su kai ga samu ba, kuma ƙodar da sefsis ya taɓa ita ce ta fi saurin cutuwa da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba.

Kashi na ƙarshe, masu sauraro, naku ne, ku da kuke jinya a gida.

Dubiya hakki ce ta zumunci da addini, kuma a unguwanni irin su Kwarbai da Babban Dodo da Limancin Kona, inda gidaje ke manne da juna, da wuya a sallamo mutum daga Shika ko daga asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ba tare da ɗakinsa ya cika kafin magariba ba. Abin da ya dace shi ne a taƙaita zama, a buɗe taga, a ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa, mai tari ko mura kuma ya yi sannu daga zaure ko ta waya. Jariri da mai jegon da suka tashi daga sefsis sun fi kowa bukatar wannan, kuma bai kamata a bar jaririn yana yawo hannu zuwa hannu ba, ko a kai shi ga askar wanzami don cire beli, ko a shafa wa cibiyarsa wani abu ban da maganin da ma'aikatan lafiya suka bayar. Idan a gidan akwai mai tarin da ya wuce mako biyu, ko majinyacin da kansa ya fara irin wannan tari tare da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka. Zariya ce ke da cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta a Saye, maganin kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ɓargo ba ya ƙera sababbin ƙwayoyi da koko tsurarsa. Majinyaci yana bukatar wake da ƙwai da gyaɗa da kifi da nono da ganye irin su zogale, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, jariri kuma a ci gaba da ba shi mama. A tafasa ruwan sha, a kwana cikin gidan sauro, a kammala maganin da aka rubuta har ƙwayar ƙarshe. A duba katin riga-kafin yaro a cike abin da ciwo ya sa aka tsallake, musamman allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata 15, da ta nimoniya da ta sanƙarau, bisa lokacin da ma'aikacin lafiya ya tsara. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da bai wa yaran da aka kwantar saboda matsanancin ƙarancin jini maganin riga-kafin maleriya na wasu watanni bayan sallama a yankunan da cutar ta yi yawa, don haka iyayen irin wannan yaro su tambayi likita a kai kafin su bar asibiti.

Sai alamomin da ba a kwana da su. Ga yaro: ƙin kama mama ko ƙin shan komai, amayar da duk abin da ya ci, jijjiga, barcin da ake tashinsa da ƙyar, faɗawar ƙasan haƙarƙari idan ya ja numfashi, ko numfashi mai sauri, wato sau 60 ko fiye a minti ɗaya ga jaririn da bai kai wata biyu ba, sau 50 daga wata biyu zuwa shekara, sau 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Ga babba: ruɗewa ko sambatu, haki, ƙarancin fitsari, rawar ɗari, sanyin hannu da ƙafa. A lura da kyau, domin nan ne aka fi yin kuskure: zazzaɓi kansa aikin garkuwa ne, saboda haka wanda garkuwarsa ta raunana yana iya ɗauke da mummunar cuta jikinsa bai yi zafi ba, wani ma sanyi zai yi. Rashin zazzaɓi ba shaidar lafiya ba ne ga wanda bai daɗe da tashi daga sefsis ba.

Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti za a nufa kai tsaye, ba kemis ba, domin ƙwayar cutar da ke kama mutum bayan ya kwanta a asibiti sau da yawa irin wadda ta saba da magungunan yau da kullum ce, kuma kafso biyu ko uku da za a saya a ƙulle a leda ba abin da za su yi sai ɓata awannin da ake bukata. A tafi da takardar sallama da kwalayen magungunan da aka sha, a kuma fara gaya wa likita, tun kafin ya tambaya, ranar da aka kwantar da majinyacin, da ciwon da aka ce ya yi, da ranar da aka sallame shi.